Fim ɗin da Kotu Ta Ce a Ƙone: Yadda Nosferatu Ya Rayu a Hannun 'Yan Kallo

A daren 4 ga Maris 1922 aka fara nuna Nosferatu a wani babban zaure da ke harabar gidan namun daji na Berlin. Shekara uku bayan haka wata kotun Jamus ta ba da umarnin a lalata duk kwafinsa. Yau fim ɗin ya haura shekara ɗari, ana karantar da shi a jami'o'i, kuma 'yan kallo ba su daina ja-in-ja a kansa ba. Wasu na cewa ba a taɓa yin fim ɗin tsoro mai kaiwa ga zuciya kamarsa ba, wasu kuma na cewa tsohon abu ne mai sa barci, in ma bai sa dariya ba. A ganina duk darajar da fim ɗin nan yake da ita 'yan kallo ne suka ba shi, domin kamfanin da ya yi shi ya durƙushe, doka kuma ta yanke masa hukuncin kisa. Saɓanin da ake yi a kansa yanzu ma daga wannan tarihin ya samo asali.

Tushen labarin littafin Dracula ne, wanda Bram Stoker, ɗan ƙasar Ailan, ya fitar a 1897. Littafin na cikin wani salon adabi da Turawa suka fara tun ƙarni na 18, salon tsofaffin gidajen sarauta da suka zama kufai, da maƙabartu, da matattun da suka ƙi kwanciya. Dracula mataccen basarake ne da ke fita daga akwatin gawa yana shan jinin masu rai. Mai karatu zai iya tuna maye, amma akwai bambanci: maye rayayye ne a cikin gari, kurwa yake kamawa, shi kuwa wannan gawa ce da ta baro ƙasarta don neman jini. A 1921 wani ƙaramin kamfani mai suna Prana Film, wanda Albin Grau ya kafa tare da Enrico Dieckmann, ya ɗauki labarin ba tare da neman izinin iyalan Stoker ba. Henrik Galeen ya rubuta, F. W. Murnau ya ba da umarni. Suka canja sunaye: Dracula ya koma Orlok, Harker ya koma Hutter, Mina ta koma Ellen. Suka kwashe labarin daga Ingila suka kai shi wani garin Jamus na ƙirƙira, Wisborg, a shekarar 1838.

Da a ce canja sunaye kaɗai suka yi, da ba wanda zai tuna da su. A zamanin da yawancin finafinan Jamus irin wannan ake ɗaukarsu cikin ɗaki da bangon zane, Murnau ya fita da na'urarsa waje. Ya ɗauki tashar jiragen ruwa ta Wismar, da tsofaffin rumbunan gishiri na Lübeck, da ganuwar Orava da ke kan dutse a ƙasar da ake kira Sulobakiya yanzu. Don haka abin tsoron yana tafiya ne a kan titi na gaske, ƙarƙashin sama ta gaske. Max Schreck, wanda ya fito a Orlok, bai da komai na ƙasaita: kai ƙwal, kunnuwa masu tsini, haƙora biyu a gaba kamar na ɓera, farata zaƙo-zaƙo. Ya iso a jirgin ruwan da duk ma'aikatansa sun mutu, ɓeraye na biye da shi, annoba ta kama gari, ana zana alama a ƙofofin gidajen da aka yi rashi, ana wucewa da akwatunan gawa a jere. Mutanen da suka kalli wannan a 1922 ba su daɗe da rasa sojoji wajen miliyan biyu a Yaƙin Duniya na Farko ba, ga kuma murar 1918 da ta bi gida-gida. Sun san yadda gari yake yin tsit idan mutuwa ta yi yawa. A wannan fim ɗin ne kuma aka fara nuna hasken rana yana kashe mai shan jini. A littafin Stoker, Dracula yana yawo da rana, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa.

Za a ce ai satar fasaha ce, kuma kotu ta yi daidai. Ban musa ba. Stoker ya rasu a 1912, matarsa Florence kuma da kuɗin Dracula take rufa wa kanta asiri. Takardar bikin buɗe fim ɗin da kanta ta ambaci littafin mijinta a matsayin tushe, ga shi ba a ba ta ko sisi ba. Ƙungiyar marubuta ta Birtaniya ta tsaya mata, aka yi shari'a, Prana ya ce ya karye ba shi da abin biya, sai ta nemi a hallaka fim ɗin, aka kuma ba ta gaskiya a 1925. Haƙƙinta ne, kuma duk wanda ya san zafin a ci guminsa zai fahimce ta. Sai dai hukuncin ya haɗa abu biyu da ya kamata a raba. Bashin da Prana ya ci na kuɗi ne, amma inuwar Orlok tana hawa bene, da tashinsa daga akwati a sandare kamar itace, da ɓacewarsa idan zakara ya yi cara, babu ko ɗaya a littafin. Ƙona su ba zai mayar wa Florence da kwabo ba.

Abin da ya ceci fim ɗin shi ne kwafe sun riga sun fita daga Jamus, kuma waɗanda suka riƙe su sun ƙi saki. Wata ƙungiyar masoya fim a Landan ta nuna shi a 1928 duk da ƙorafin Florence, a 1929 kuma ya isa Amurka. A Faris mawaƙa da masu zane na tafiyar André Breton suka ɗauke shi tamkar nasu. A daidai lokacin ne Dracula mai izini yake samun kasuwa: wasan daɓen Hamilton Deane na 1924, sannan fim ɗin kamfanin Universal na 1931, inda Bela Lugosi ya fito da alkyabba da gyararren gashi da lafazi mai jan hankali. Wannan siffar ce ta cika duniya, Orlok kuwa ya koma ɗakunan ajiya. Murnau ya rasu a hatsarin mota a Kalifoniya a 1931, Schreck ya bi shi a 1936. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana biyu 'yan asalin Jamus da mulkin Nazi ya kora, Siegfried Kracauer a littafinsa na 1947 da Lotte Eisner a nata na 1952, suka dawo da finafinan wancan zamani cikin zance. A lokacin Eisner tana aiki a ma'ajiyar finafinai ta Faransa tare da Henri Langlois, wurin da matasa da yawa suka fara ganin Murnau.

Amma rayuwar ɓoye tana da tsada, kuma a nan ne amsar masu cewa fim ɗin abin dariya ne take. Kwafen da suka yi ta yawo shekara da shekaru an yanke su, an kwafa daga kwafi har hoton ya dushe. A wasu an mayar da sunayen Dracula da Harker. Mafi muni, an rasa launi. Murnau da rana ya ɗauki fitowar dare, aka rina zaren fim ɗin da shuɗi don mai kallo ya san dare ne, rana kuma aka ba ta rawaya. Idan aka cire rinin sai ka ga Orlok ɗauke da akwatinsa yana ratsa gari da rana tsaka, alhali a ƙarshen labari rana ce za ta kashe shi. Ƙara da na'urar da ke juya fim ɗin da saurin da ba nasa ba, da kiɗan da kowa ya ga dama ya ɗora a madadin na Hans Erdmann. Wanda ya kalli irin wannan kwafi ya ce bai ji tsoro ba, gaskiya ya faɗa, sai dai rabin fim ya gani. Gyaran da Luciano Berriatúa ya kammala a 2006 ya dawo da launukan da kiɗan asali. Ko a gyararren kwafi akwai abin da ya tsufa, kamar wasan Gustav von Wangenheim a matsayin Hutter, mai yawan zare ido da ɗaga hannu. Wanda kuma ya saba da finafinan da ke firgita mutum da ƙara ba zato ba tsammani zai ga wannan yana jan ƙafa. Irin tsoron da Murnau ya gina shi ne na wanda ya hango masifa tana tahowa a hankali, ya san gidansa ta nufa, ba shi kuma da yadda zai yi.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu ganin ƙyamar Yahudawa a siffar Orlok: baƙo daga gabas, mai dogon hanci, mai zuwa da ɓeraye da cuta, ya sayi gida a tsakiyar gari. Waɗannan hotuna ne da farfagandar Nazi ta yi amfani da su daga baya, kuma bai kamata a share zancen ba. Masu kare fim ɗin suna nuna cewa Galeen da ya rubuta shi Bayahude ne, haka ma Alexander Granach da ya fito a fim ɗin. Wannan yana wanke niyyar masu aikin, amma bai goge abin da idon Bajamushe na 1922 zai iya karantawa a allo ba. Ina ganin daidai ne a nuna fim ɗin, a kuma faɗi wannan a fili duk lokacin da aka nuna shi.

Waɗanda suka sake ɗaukar labarin ma 'yan kallo ne kafin su zama masu ba da umarni. Werner Herzog, wanda ya taka da ƙafa daga Munich zuwa Faris a 1974 da ya ji Lotte Eisner ba ta da lafiya, ya yi nasa a 1979 da Klaus Kinski, ya koma rumbunan gishirin Lübeck ya ɗauke su. Robert Eggers ya ga fim ɗin tun yana yaro, ya mayar da shi wasan daɓe yana ɗan sakandare, sannan a Disamba 2024 ya fitar da nasa da Bill Skarsgård, ya bar wa dodon sunan Orlok, shekarar ma 1838.