Daga Gawayi Zuwa Batir

Tun ina yaro nake fasa mataccen batirin tocila don in ga abin da ke ciki, kullum sai in tarar da wani baƙin sanda kamar gawayi. Wannan ne ya sa na bi diddigin wani batir da gawayi ne jigonsa, ga kuma abin da na samo.

Labarin ya faro ne daga wata iska mai guba da ake kira fulorin. Ta hallaka masana, ta nakasa wasu, kafin Henri Moissan na Faransa ya iya ware ta a 1886. A 1934 kuma Otto Ruff na Jamus da abokin aikinsa suka haɗa ta da kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi da bakin fensir, suka sami wani gari. Garin nan ya yi shekaru fiye da 30 ba wanda ya san babban amfaninsa.

Mutanen Japan ne suka tashe shi. Nobuatsu Watanabe na Jami'ar Kyoto da masanan kamfanin Matsushita suka gane cewa in an haɗa shi da ƙarfen litiyam, yana ba da wuta. Litiyam ya ƙwace fulorin, a bar kabon zalla, lantarki ya gudana. A shekarun 1970 batirin ya shiga kasuwa da ƙarfin bolt 3, ninki biyu na batirin tocila. Ba a sake yi masa caji, amma yakan yi shekara 10 a ajiye bai mutu ba. Masunta a Japan sun sa shi cikin 'yar fitilar ƙugiya don su da dare, daga baya likitoci suka sa shi cikin na'urorin da ake dasa wa marasa lafiya a jiki.

To, ina ake samun kabon ɗin? Galibi daga dutsen girafayit ne ko daga ragowar man fetur. Yanzu masu bincike, musamman a ƙasar Sin, sun koma ga tsirrai. Sukan ƙona ɓawo ko kara inda iska ba ta shiga har ya zama gawayi, sa'an nan su ratsa shi da fulorin cikin zafi. Gawayin tsiro yana da 'yan ƙofofi birjik, waɗanda ake fatan za su sauƙaƙa wa litiyam hanya, domin babban aibin batirin nan shi ne jinkirin sakin wuta.

Ni dai darasin da na ɗauka shi ne: ƙaiƙayi da kara kowa na da su, sanin sarrafa fulorin ne wuya. Wanda bai nemi wannan ilmi ba, zai sayar da buhun ɓawo da arha, ya sayo batir da tsada.