Karen Farauta: Tarihin Abokin Da Ba A Yi Wa Zaman Makoki

Yau za mu ɗan ajiye labaran soyayya gefe guda, mu leƙa karkara mu taɓo wani tarihi da ba a cika kula da shi ba, wato tarihin zaman Bahaushe da karensa na aiki, da irin halin da mai kare yake shiga ranar da aka wayi gari abokin nasa ya mutu farat ɗaya.

A garuruwa irin su Boko da ke ƙaramar hukumar Kusada, da ƙauyukan da suka yi layi har zuwa Kankiya a tsakiyar jihar Katsina, idan san noman mutum ya faɗi, maƙwabta za su zo su ce Allah Ya mayar da alheri. Haka in jaki ne, haka in tunkiya ce. Amma in kare ne, ko da shi ke tsare garken gidan, ko da shi ke kawo naman miya duk rani, to shiru za ka ji. Mai karen ma kunya yake ji ya nuna abin ya taɓa shi, don kada a ce dattijo da gemunsa yana jimamin kare. To ina wannan shirun ya samo asali?

Mu fara da can baya. Tarihin garuruwan Hausa da dama yana farawa ne da maharbi, wanda ya zo ya yi bukka a gindin wata kuka ko bakin wani rafi, mutane suka biyo shi har wuri ya zama gari. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya nuna Barbushe na Dutsen Dala a matsayin ƙaƙƙarfan maharbi. Shi dai wannan littafi ya ambaci cewa a cikin abubuwan da ake kawowa wajen tsafin Tsumburbura akwai baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru. Ke nan tun kafin Musulunci ya kafu, kare yana da fuska biyu a ƙasar nan: abokin shiga daji ne, kuma abin yanka ne ga masu tsafi. Wannan fuska ta biyu tana cikin abin da ya ɓata masa suna bayan mutane sun bar maguzanci, domin duk abin da aka san shi da tsafi sai aka riƙa gudunsa.

Ita kuwa ƙasar Kusada, mun yi sa'a wani baƙo ya bar mana hotonta a rubuce. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bi ta Kusada a farkon 1851 a hanyarsa daga Katsina zuwa Kano, ya kuma yaba da kyan ƙasar, da itatuwanta da gonakinta da garkunan shanunta. Wannan ya nuna mana cewa tun a wancan zamani yankin ƙasar noma ce da kiwo. A irin wannan ƙasa, farautar da ta fi yawa ita ce ta ƙananan namun daji: zomo, gafiya, kurege, damo, makwarwa, in an yi sa'a gada ko barewa. Wannan farauta kuwa ba ta yiwuwa sai da kare. Maharbi mai kwari da baka yana iya laɓewa shi kaɗai ya jira nama, amma mafarauci mai gora da kere, in ba kare a gabansa, yawon shan rana kawai ya fito.

Mai karatu zai iya cewa ai addini ne ya hana mu kusantar kare. To bari mu duba abin da littattafan da malamanmu ke karantarwa a zaure suka ce. A Suratul Ma'ida aya ta 4, Allah Ya halatta cin abin da dabbar da aka koya wa farauta ta kamo, muddin an ambaci sunanSa. A Suratul Kahfi an ambaci karen samarin nan na kogo tare da su. Hadisi ya gargaɗi mai ajiye kare ba dalili da tauyewar lada, amma ya ware karen farauta da na kiwo da na gona. Wani hadisin kuma ya ba da labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai kuwa bin umarni ne kawai.

Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, wadda kusan duk almajirin ilmi a ƙasar Hausa ya ratsa ta, ta hana ajiye kare a gida sai don gona, ko dabbobi, ko farautar neman abinci. Ta kuma ce wanda ya kashe karen da aka yi izinin ajiyewa, sai ya biya ƙimarsa. A lura da wannan da kyau: shari'a ta ɗauki mutuwar karen aiki a matsayin asara ta gaske wadda alƙali zai saurara. Masu sharhin Risala ma sun kawo cewa shi kansa mawallafin ya ajiye kare a lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maƙiya, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi hakan, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski wannan zamani, da zaki ma zai ajiye.

Larabawa ba su ji kunyar wannan jimami ba. Abu Nuwas, mawaƙin Bagadaza na zamanin Haruna Rashid, ya yi wa karensa na farauta marsiyya bayan maciji ya sare shi ya mutu. Ibnul Marzuban, wanda ya rasu a 921, littafi guda ya rubuta a kan yadda karnuka suka fi da yawa daga masu sa tufafi riƙon amana. Mu kuwa a nan, sai birni ya rinjayi ƙauye wajen magana. Malami da attajiri da basarake ba su buƙatar kare, ga katanga ga dogarai, saboda haka sunan kare ya koma zagi. Ɗan kare zagi ne, karya zagi ce, yaron mota an ce masa karen mota, wanda ake turawa ya ci mutuncin mutane a siyasa an ce masa karen farauta. Duk da haka karin maganarmu ta riƙe gaskiyar daji. Mun ce ba a kiwon kare ranar farauta. Mun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Mutanen da suka ƙirƙiri waɗannan maganganu sun san darajar abin da suke magana a kai.

Domin mu gane girman rashin, sai mun san wahalar da aka sha. Tun yana ɗan kwikwiyo ake zaɓensa, a duba uwarsa da ubansa. A raba fura da shi, a ba shi ƙanzo da ƙashi, a raɗa masa suna, wani don launinsa kamar Duna, wani kuma habaici ne ga maƙwabci ko abokin gaba. A fara kai shi bayan gari yana bin manya, ya koyi shinshina sawu, ya koyi tayar da zomo daga sabara, ya koyi abu mafi wuya, wato ya kama nama ya riƙe bai ci ba har ubangidansa ya iso. Sai an yi rani biyu ko uku kafin a ce kare ya ƙware. Bayan an kawar da amfanin gona, aka buga gangar farauta, Sarkin Dawa ya sa rana, garuruwa suka haɗu, a nan ne ake sanin karen wane ya fi na wane, a nan makaɗa ke wasa maza. Duk wanda ya saurari Kassu Zurmi ya san yadda kiɗan farauta ke tsima mutum. A ƙasar Ƙonni ta Nijar, a garin Masalata, an san bikin buɗin daji da ake yi kafin a shiga farautar shekara.

Zuwan Turawa ya fara sauya wannan rayuwa. An kafa dokar kare namun daji a 1916, gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1963, an keɓe dajin Yankari a 1956. Amma abin da ya fi doka ƙarfi shi ne gatari da garma. Noman gyaɗa da auduga da yawan jama'a suka cinye dazuzzukan da ke tsakanin garuruwa, har ta kai mafarautan tsakiyar Katsina sai sun yi tafiya mai nisa kafin su ga abin kamawa. Dajin Rugu da ke yamma kuwa, a shekarun baya-bayan nan ya zama maɓoyar 'yan bindiga. Sai aikin kare ya ƙara karkata ga gadi. A gidan da ke gefen gari, haushinsa ne ƙararrawar farko in ɓarayin shanu sun doso, shi ya sa ma ɓarawo kan fara da jefa masa nama mai guba.

Karen aiki ba ya cika mutuwar tsufa. Kububuwa ko kasa ta sare shi a hanci yana tona rami, kafin a dawo gida ya kumbura. Beguwa ta soke shi. Ya ci ɓeran da aka sa wa guba a rumbu. Mota ta take shi a titin Kano zuwa Katsina. Ko kuma a wayi gari babu shi babu dalilinsa, an sace shi, domin akwai fataucin karnuka daga Arewa zuwa kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a jihar Filato, daga can a wuce da su Kudu.

Amma mafi ɗaci ita ce mutuwar haukan kare. Karen da jiya yake kaɗa wa yara wutsiya, yau ya koma yana dalalar da yawu yana cizon iska, kuma dole ubangidansa ya ɗauki gora da hannunsa ko ya kau da kai wani ya ɗauka. Wannan ciwo yana da rigakafi tun 1885 da Louis Pasteur ya fara gwada allurarsa a Faransa. A nan gida, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda ke wurin tun 1924, ta daɗe tana haɗa allurar karnuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 59,000 ke mutuwa da ciwon duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti a ranar. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, ciwon zai daina yaɗuwa. An ware ranar 28 ga Satumba don tunatar da duniya wannan. Ka ga ke nan ƙyamar da ta hana mu kula da kare, 'ya'yanmu take komawa ta ciza.

To yaya mafarauci ke jimaminsa? A ɓoye. Wani ya ja gawar ya kai gindin bishiya ya haƙa rami ya rufe, don kada ungulu ta taɓa. Wani ya ƙi fita farauta har ƙarshen rani, in an tambaye shi ya ce ƙafa ke ciwo. Wani ya nemi ɗan kwikwiyo daga zuriyar marigayin ya mayar masa da sunan. Bayan shekaru, a bakin wuta da sanyin hunturu, sai ka ji ya ɗauko labarin ranar da Duna ya tare gada shi kaɗai, muryarsa ta sauya, abokan farautarsa su yi shiru don sun gane.

A nan nake jan hankalin 'yan'uwana marubuta. Mun cika littattafai da gidajen sama da manyan motoci, amma da wuya ka ci karo da wannan dattijo da karensa a shafi, alhali ga labari nan zube mai ɗauke da amana da rashi da kunya. Su kuma sauran jama'a, in maƙwabcinka ya rasa karen da ke tsare masa garke, ba abin da zai ragu a mutuncinka don ka tsaya a ƙofar gidansa ka ce, "Malam, ashe abin da ya faru ke nan? Allah Ya mayar da alheri."

Allah Ya sa mu zama masu tausayin duk abin da ke da rai. Mu kwana nan.