Daga Awon Ƙoƙon Kai Zuwa Hoton Asibiti: Tarihin Ƙididdigar Siffar Jiki a Sokode da Dapaong

1.0 Gabatarwa

Idan aka ce an auna mutum, abin da ya fi saurin zuwa a zuciyar Bahaushe shi ne awon tela, ko kuwa awon ciki da mata ke zuwa a asibiti. To amma akwai wani awo na uku wanda ya zama fannin ilimi mai cin gashin kansa, wato nazarin yadda siffar gaɓoɓin jiki ke bambanta daga mutum zuwa mutum, ta hanyar amfani da ƙididdiga. A yau daga hotunan asibiti ake yin wannan nazari. Wannan takarda za ta bi sawun fannin daga garuruwa biyu na ƙasar Togo, Sokode da Dapaong, domin nuna cewa ilimin da aka fara da niyyar rarraba mutanen Afirka gida-gida, shi ne daga baya ya rushe wannan rarrabawa, amma har yanzu ma'aunan da ake gwada jikin mutanen yankin da su ba daga jikinsu aka samo su ba.

2.0 Garuruwan da Mutanensu

Sokode gari ne na Kotokoli, waɗanda ke kiran kansu Tem, a tsakiyar Togo. Dapaong kuwa, wanda tsofaffin taswirori ke rubutawa Dapango, yana can arewa kusa da iyakar Burkina Faso, a ƙasar Moba da Gurmawa. Hanyoyin Gwanja sun ratsa wannan yanki. Ayarin fataken goro da ke tashi daga Kano zuwa Salaga kan bi ta Borgu, daga nan wasu su sauko ta ƙasar Kotokoli, wasu su bi ta Mango, wadda ke kudu da Dapaong. Sunan da Turawa suka rubuta wa garin, Sansane-Mango, yana ɗauke da kalmar Hausa ta “sansani”. Unguwar Didaure a Sokode ta kafu ne da 'yan kasuwa Musulmi baƙi, Wangarawa da Hausawa da wasunsu, waɗanda suka auri 'yan ƙasa suka hayayyafa.

Wannan bayani yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya. A zango, “Bahaushe” yakan zama duk wanda ke jin Hausa, yake salla, yake fatauci, ko da kakansa Babarbare ne ko Bazabarme. Rundunar 'yan sandan da Jamusawa suka kafa a Togo a 1885 ma “Hausawa” ake kiran dakarunta na farko. Ashe ke nan harshe da sana'a da addini ne suka haɗa rukunin. Masanan Turai na wancan zamani kuwa a cikin ƙashi suka tafi nemansa.

3.0 Zamanin Jamusawa: Awo da Awartaki

Jamus ta kafa tutarta a gaɓar Togo a 1884, amma sai a tsakanin 1896 da 1898 ta kafu a Sokode da Mango. Wanda ya riƙe gundumar Sokode na kimanin shekara goma likita ne mai suna Hermann Kersting, mutum mai yawan tara tsirrai da kayan al'ada yana aikawa gida. Akwai ma wata irin gujiya da masana tsirrai suka laƙaba wa sunansa. A Mango, wadda Dapaong ke ƙarƙashinta, Gaston Thierry ya yi ta kai hare-hare a garuruwan arewa, kuma kayan da ya kwaso sun ƙare a gidajen adana kayan tarihi na Jamus. Tun 1889 gwamnatin Jamus ta ba gidan tarihin al'adu na Balin fifiko a kan abin da jami'anta suka tattaro daga ƙasashen da ta mallaka. Jami'in da ke kula da sashen Afirka a can, Felix von Luschan, ya rubuta littafin umarni ga jami'ai kan abin da za su auna da abin da za su aiko, har da ƙasusuwan mutane.

Me ake aunawa? Babban ma'aunin zamanin shi ne wanda Anders Retzius na ƙasar Suwidin ya ƙirƙiro a shekarun 1840. Ana amfani da wani ƙarfe mai baki biyu kamar awartaki, a auna faɗin kai, a auna tsawonsa daga goshi zuwa ƙeya, a raba faɗi da tsawo, a ninka sau 100. Alal misali, kai mai faɗin santimita 14 da tsawon santimita 19 zai ba da kusan 74. Wanda ya gaza 75 sai a ce mai dogon kai ne, wanda ya haura 80 mai zagayayyen kai. Daga nan sai a fitar da matsakaicin adadi na kowace ƙabila, a jera ƙabilun.

Raunin wannan hanya a fili yake ga duk wanda ya taɓa sayen ƙwarya a kasuwa. Ƙoƙuna biyu suna iya yin daidai a faɗi da tsawo, amma ɗaya mai zurfi ne, ɗaya shimfiɗaɗɗe, ɗaya yana da tudu a gefe. Lamba ɗaya ba ta ɗaukar siffa. Rauni na biyu ya fi wannan girma: matsakaicin adadi yana ɓoye bambancin da ke tsakanin 'yan ƙabila ɗaya, alhali shi ne ya fi yawa. Sannan ga yadda aka samo mutanen da aka auna. A baje kolin mulkin mallaka da aka yi a Balin a 1896, an kawo mutum sama da 100 daga ƙasashen da Jamus ta mallaka, cikinsu da ayarin 'yan gaɓar Togo ƙarƙashin Nayo Bruce. Luschan ya auna su ya ɗauki hotunansu, wasu daga cikin baƙin kuwa suka ƙi yarda, abin da ya ɓata masa rai. Ƙoƙunan kan da suka isa Balin babu mai tambayar izininsu. Tarin Luschan ya kai kimanin 5,500 lokacin da ya koma hannun gidauniyar gidajen tarihin Balin a 2011, kuma a 2021 aka fara binciken asalin ɗaruruwa daga cikinsu da aka ɗauko daga Togo da Kamaru.

Adalci ne a ambata cewa Luschan kansa, a littafinsa na 1922, ya rubuta cewa babu wani jinsi na ɗan Adam da ke ƙasa da wani. Amma ƙasusuwan sun ci gaba da zama a akwatunansu. Mulkin Jamus a Togo ya ƙare a Agustan 1914, Sokode da Dapaong suka faɗa hannun Faransa har zuwa samun 'yancin kai a 1960.

4.0 Yadda Lissafi ya Koyi Ganin Siffa

Sauyin da ya biyo baya ba a Togo ya faru ba, don haka sai an ɗan leƙa waje. A 1912 Franz Boas ya wallafa awon baƙi da 'ya'yansu kusan 18,000 a birnin Niyok, inda ya nuna cewa siffar kan yaran da aka haifa a Amurka ta ɗan saɓa da ta 'yan'uwansu da aka haifa a Turai. Masana sun yi ta muhawara a kan girman bambancin, amma tun daga nan da'awar cewa ma'aunin Retzius hatimin jinsi ne wanda ba ya motsi ta yi rauni. A ɓangaren hoto kuma, Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi a 1895. A 1971 aka ɗauki hoton farko na majinyaci da na'urar sitisikan a Landan, wadda ke nuna jiki yanka-yanka, kwamfuta ta haɗa yankunan su zama siffa cikakkiya.

Abin da ya rage shi ne lissafin da zai iya kwatanta siffa da siffa. Tsakanin 1975 da 1995 masana irin su John Gower da David Kendall da Fred Bookstein, da kuma Tim Cootes da Chris Taylor na Jami'ar Manchesta, suka shimfiɗa shi. Ga yadda yake a sauƙaƙe. Mai bin sawu yakan gane sawun mutum ko gabas ya fuskanta ko yamma, ko a ƙofar gida ne ko a bakin rafi. Wato yana watsi da wuri da fuskanta, ya riƙe siffa. Haka kwamfuta ke yi. A kan hoton kowane ƙashi ana sa ɗigo-ɗigo a wurare sanannu, goma ko ɗari ko dubu. Sai a ɗora hotunan a kan juna, a daidaita girmansu, a jujjuya su har ɗigo ya matso kusa da ɗan'uwansa iyakar yadda zai yiwu. Tazarar da ta rage bayan an cire wuri da girma da fuskanta, ita ce bambancin siffa. Daga nan ƙididdiga za ta fitar da matsakaiciyar siffa, ta kuma fitar da manyan hanyoyin da mutane ke kauce mata, misali daga zagayayye zuwa miƙaƙƙe. Bambancin da masanan da suka ɗauka hayaniya ce, shi ya zama abin nazari.

Sakamakon bai yi wa tsohon ra'ayi daɗi ba. W. W. Howells na Jami'ar Habad ya auna ƙoƙon kai 2,524 daga al'ummomi 28. Da John Relethford ya sake nazarin alƙaluman, ya tarar sama da kashi 80 cikin 100 na bambancin yana cikin al'umma ɗaya ne, ba tsakanin nahiyoyi ba. A 2007 Andrea Manica da abokan aikinsa suka nazarci ƙoƙon kai sama da 6,000, suka ga cewa bambancin siffa ya fi yawa a Afirka, yana raguwa gwargwadon nisan al'umma daga nahiyar, kamar dai yadda binciken ƙwayoyin halitta ya nuna. Sai dai a lura: a tarin Howells, Dogon na ƙasar Mali kaɗai ke wakiltar Afirka ta Yamma baki ɗaya.

5.0 Ƙashin Ƙugu da Ɗakin Haihuwa

A ɗakin haihuwa ne wannan tarihi ya fi taɓa rayuwar mutanen Sokode da Dapaong. Binciken lafiyar al'umma na Togo na 2013 zuwa 2014 ya ƙiyasta cewa mata 401 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma doguwar naƙuda tana cikin manyan musabbabai a wannan yanki na Afirka, ita ce kuma ke jawo yoyon fitsari.

A 1933 likitoci biyu a Niyok, Caldwell da Moloy, suka yi amfani da ƙasusuwa da hotunan ƙashi suka kasa ƙugun mata gida huɗu. Zagayayyen ƙugu suka ɗauka a matsayin na asali. Wanda ya fi tsawo daga gaba zuwa baya kuwa, wanda suka ce ya fi yawa a cikin baƙaƙen mata, sai suka ba shi sunan da ke kamanta shi da na manyan birai. Wannan rabo ya shiga littattafan koyar da ungozomomi na Ingilishi da na Faransanci, ya daɗe a ciki. A 2015 wasu masana a Ostireliya suka gwada shi da sabon lissafi a kan hotunan sitisikan na mata 64, ba su ga rukuni huɗu ba, sai siffofi da ke shiga cikin juna ba tare da iyaka ba. A 2018 Lia Betti da Manica suka auna ƙugun mata 348 daga al'ummomi 24, suka tabbatar cewa mafitar haihuwa ta matan Afirka kudu da Sahara takan fi zurfi daga gaba zuwa baya, kuma wannan siffa ce ta lafiya kamar kowace. Ma'anarsa a aikace ita ce, yadda kan jariri ke shiga ƙugu yana juyawa ba lalle ne ya bi tsarin da littafi ya zana ba, kuma saɓawarsa ba ita kaɗai ce alamar haɗari ba.

Abin da ya fi siffa tasiri shi ne girma, shi kuwa girma yana da alaƙa da abinci da shekaru. Kelsey Harrison ya nuna haka a Zariya, a nazarinsa na haihuwa 22,774 da aka wallafa a 1985: gajerun mata da 'yan mata masu ƙarancin shekaru su ne suka fi fuskantar matsewar kan jariri. Wani nazari da aka yi a Zurik a 2016 da hotunan sitisikan na mutum 275 ya ƙara haske, domin ya nuna ƙugun mace yana ci gaba da buɗewa har wajen shekara 25 zuwa 30. Wannan bai sa ɗaukar hoton ƙugun kowace mai ciki ya zama mafita ba. Tun 1956 Alice Stewart ta danganta hasken hoton ƙashi da cutar daji a jikin yaran da aka haska suna ciki, gwaje-gwajen baya kuma suka nuna cewa awon ƙugu da hoto yana ƙara yawan tiyata ba tare da ya amfani jariri ba.

Hoton da mai ciki ta fi saduwa da shi a manyan asibitocin yanki na Sokode da Dapaong shi ne sikanin ciki. Ma'aikaci yakan auna faɗin kan ɗan tayi, da kewayen kansa, da kewayen cikinsa, da tsawon ƙashin cinya, na'ura ta lissafa nauyi. Yawancin irin waɗannan na'urori suna zuwa ne da lissafin Frank Hadlock, wanda aka samo daga matan birnin Hustan na Amurka a shekarun 1980. Ma'auni biyu na duniya sun fito daga baya, kuma ba su jitu ba. Na 2014, wanda Jami'ar Okisfod ta jagoranta a wurare 8, ya ce 'yan tayin mata masu ƙoshin lafiya kusan girma ɗaya suke yi ko'ina. Na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017, daga ƙasashe 10, ya sami bambanci tsakanin ƙasashe. Afirka ta shiga na farko ta Nairobi, ta shiga na biyu ta Kwango da Masar. Babu Afirka ta Yamma a cikin ko ɗaya.

Haka abin yake a manyan rumbunan hotuna da ake koyar da kwamfuta da su. Rumbun Birtaniya, wanda ya cika hotunan mutum 100,000 a 2025, fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanensa farar fata ne. Samar da ma'aunin da ya dace da matan Kotokoli da Moba da na zango yana buƙatar a tara hotuna masu yawa, a ɗauke su bisa ƙa'ida ɗaya, a kuma bi kowace mace har a ga yadda haihuwarta ta kasance. A Oktoban 2019 Togo ta kafa dokar kare bayanan mutum, wadda ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, don haka duk mai son tara irin waɗannan hotuna don bincike sai ya bi ta ƙarƙashinta.