Daga Alƙalamin Suyuɗi zuwa Na'urar Torodi

Duk wanda ya tashi a Kanan-Bakashe, ko a ƙauyukan da ke shimfiɗe tsakanin Mayahi da Tasawa, in aka tambaye shi musibun da magabatansa suka ba shi labari, zai lissafa fari da fara da yunwa, amma da wuya ya kawo girgizar ƙasa, domin ita a wurinsa aba ce da ya haddace cikin Suratuz Zalzala tun yana makarantar allo, ya kuma jingina ta ga ranar alƙiyama. Dalilin wannan kwanciyar hankali kuwa, bayan rahamar Ubangiji, shi ne ƙasar Hausa tana zaune a tsakiyar tsohon dutsen da ke ɗauke da nahiyar Afirka, nesa da gefunan da yake gogayya da maƙwabtansa, inda girgiza ta rushe birnin Agadir na Maroko a shekarar 1960.

Amma ilmin bibiyar girgiza ba baƙo ba ne ga malamanmu. Shehu Jalaluddin Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505, wanda ya kammala Tafsirin Jalalaini da ake karantawa a masallatanmu duk watan Ramalana, wanda kuma ya aika da wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas, shi ne ya wallafa Kashfus Salsala, inda ya jera girgizar da ta auku a ƙasashen Musulmi shekara bayan shekara, da sunan gari da irin ɓarnar da aka yi, har masu binciken zamani suna komawa gare shi in suna neman tarihin girgizar Sham da Masar.

Alƙalami yana rubuta abin da mutum ya ji a jikinsa ne kawai. A 1889 wata na'ura a Fotsdam ta ƙasar Jamus ta kama girgizar da ta auku a Japan, aka tabbata cewa motsin yana ratsa cikin duniya, sa'an nan a 1935 Charles Richter ya fitar da ma'aunin ƙarfinsa. Abin da ya jawo wannan fanni kusa da mu kuwa makami ne, domin a ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta fasa bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggan, cikin hamadar Aljeriya, daga baya ta mai da gwajin ƙarƙashin duwatsun In Ekker. Da al'ummomin duniya suka ƙulla yarjejeniyar hana gwajin nukiliya a 1996, sai aka ga ba ta da amfani in babu shaida, aka tsara manyan tashoshin sauraro 50, ɗaya daga ciki ta faɗo a Torodi, kudu maso yammacin Yamai, inda dutsen Liptako yake kusa da doron ƙasa, saɓanin yankin Mayahi da rairayi ya lulluɓe shi.

Na'urorin tashar suna binne a ramuka, a warwatse cikin daji, suna aika abin da suka ji ta tauraron ɗan Adam zuwa birnin Biyana dare da rana. Injiniyan bincike, in ya zauna gaban kwamfuta, layuka ne masu karkarwa yake karantawa: igiyar farko mai gudun kimanin kilomita 6 cikin daƙiƙa a ɓawon ƙasa, da ta biyu da ke biyo ta a hankali, tazarar da ke tsakaninsu ita ke nuna nisan wurin, shaidar tashoshi uku kuma ta tsai da shi. Fashewar bam tana ƙarfafa igiyar farko ta raunana ta biyu, da haka ake rarrabe ta da girgiza. Aikinsa ya yi kama da na malamin hadisi, wanda ba ya karɓar riwaya sai ya auna ta da 'yan'uwanta, domin wucewar babbar mota ko fasa dutsen mahaƙa su ma suna barin alama.

Nijeriya ta kafa tata cibiyar a Toro ta jihar Bauchi, kuma motsin ƙasa a Kwoi cikin 2016 da Mpape ta Abuja cikin 2018 ya nuna cewa aminci bai hana tsaro ba. Saboda haka muna kira ga iyayen Kanan-Bakashe da su ƙarfafa wa 'ya'yansu lissafi da kimiyya, su tura su Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, domin tashar da ke ƙasarmu ta fi cancanta da masu karanta ta daga cikinmu.