Daga Gandu Zuwa Gidan Haya: Wa Ke Rainon Ɗan Zazzau?



Duk sa'ad da yaro ya lalace a Samaru ko Sabon Gari, tambayar farko ita ce, "Iyayensa suna tare kuwa?" In aka ce a hannun uwa kaɗai ya tashi, sai a gyaɗa kai, wai an gano bakin zaren. To amma in muka waiwayi tarihin ƙasar nan, za mu tarar kakanninmu da yawa ba a gaban uwa da uba suka girma ba.

Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa a Giwa, nan gaba da Shika, tana rubuta labarin rayuwarta. Ita ce Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877, littafin kuma ya fito a 1954. Baba ta yi aure sau huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ba ta zauna babu 'ya'ya ba, domin dangi sun ba ta riƙo. A zamaninta iyaye na jin kunyar ɗan fari, ko sunansa ba sa faɗi, da an yaye shi sai kaka ta ɗauke. Sakin aure ma ba baƙon abu ba ne. Mace ta gama idda ta yi wani auren, uba ya karɓi ɗansa bayan yaye, duk da cewa fiƙihun Malikiyya uwa ya ba haƙƙin riƙon namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin miji.

Abin da ya tallafi irin wannan yaro shi ne gandu. Gida ɗaya, rumbu ɗaya, ga baffa, ga gwaggo, ga kaka, ga matan gida. In uwa ta fita akwai mai yi masa wanka, in uba ya rasu akwai mai ba shi fartanya ya kai shi makarantar allo. Ba mu ce babu zalunci ba. Agola da ɗan riƙo sun sha wuya a gidaje da dama, tatsuniyoyinmu na 'yar mowa da 'yar bora ba daga sama suka faɗo ba. Amma da wuya a bar yaro a hannun mutum ɗaya tak.

Sai jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Turawa suka yanka Sabon Gari domin baƙi: ma'aikatan jirgi, akawu, leburori, masu sayen auduga da gyaɗa. A 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, a 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Manyan ma'aikata suka shiga kwatas da aka gina domin miji da mata da 'ya'yansu, masinja da direba da kuku suka kama haya a cikin gari, daga baya har Hayin Dogo da Ɗanraka. Kaka tana ƙauye, baffa yana wata lardi. A nan ne iyaye biyu suka zama su ne komai na yaro.

Ba a daɗe ba tarihi ya gwada wannan sabon zama. Zariya garin soja ce tun da aka kafa Depot a 1924, an kwashi maza zuwa Bama a yaƙin duniya na biyu. Rikicin 1966 ya tarwatsa iyalan Ibo na Sabon Gari, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya bar mata cikin takaba a kowane ɓangare. A gandu, marayu na nan a gidan ubansu suna ci daga rumbu. A gidan haya kuwa, kafin a cika wata huɗu da kwana goma mai gida ya aiko neman kuɗinsa. Gidan gwamnati ma na mai aiki ne, in ya rasu sai a miƙa makulli.

Mu da muka tashi a layukan nan mun ga abin da iyayenmu mata suka yi. Suyar ƙosai da asuba, ɗinki, kitso, tebur a kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru, adashi domin kuɗin makaranta. Maƙwabciya, ko Bayarabiya ce ko Banufiya, ta zama gwaggo, ta tsawata, ta zuba tuwo. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya matse kowa, wannan ma ya fara ja da baya, kowa ya koma ta kansa.

Tashi gaban uwa da uba ni'ima ce, babu mai musu. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba uwar ce ta janye sauran hannayen ba. Kafin mu nuna ɗan bazawara da yatsa, mu tambayi kanmu: yaushe rabonmu da biya wa ɗan marigayi ɗan uwanmu kuɗin makaranta? Yaushe rabon ɗiyar ƙanwarmu da aka saki ta kwana a gidanmu?

Allah Ya jiƙan iyayenmu da duk wanda ya riƙe ɗan wani da amana. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.