Cutar Newcastle: Abin da ya kamata mai kiwon kaji a gida ya sani

Kusan kowace shekara idan hunturu ya kama, masu kiwon kaji a arewacin Najeriya da kudancin Nijar kan yi asara mai yawa sakamakon wata annoba da ke iya share akurki guda cikin 'yan kwanaki.

A mafi yawan lokuta, cutar Newcastle ce ke yin wannan ɓarna. Tun da ba ta da magani, matakin da mai kaji ya ɗauka a ranar farko shi ne zai nuna ko sauran kajinsa da na maƙwabta za su tsira.

Mece ce cutar Newcastle?

Cuta ce mai saurin yaɗuwa da ƙwayar bairas ke haddasawa, wadda ke kama hanyoyin numfashi da hanji da kuma jijiyoyin tsuntsaye.

An fara gano ta ne a shekarar 1926 a tsibirin Java na ƙasar Indonesiya, kana aka gan ta a kusa da birnin Newcastle na Ingila, inda ta samo sunanta. A Najeriya kuwa, an fara tabbatar da ɓullarta a yankin Ibadan tsakanin 1952 da 1953.

Nau'inta mafi tsanani kan iya kashe dukkan kajin da ba a yi wa rigakafi ba, kuma yana cikin cututtukan da Hukumar Kula da Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta wajabta wa ƙasashe bayar da rahoton ɓullarsu.

Waɗanne ne alamunta?

Alamun kan bayyana ne kwanaki 2 zuwa 15 bayan kamuwa, galibi a kwana na biyar ko na shida.

Kaza kan yi laushi, ta saki fukafukai, ta daina cin abinci. Sai kuma haki da atishawa da majina, da gudawa mai launin kore. Masu yin ƙwai kan rage ko su daina, ko kuma su yi ƙwai mai taushin ɓawo.

Daga bisani wasu kan samu murɗewar wuya, ko shanyewar ƙafafu da fukafukai, ko su riƙa juyawa wuri guda.

Ta yaya take yaɗuwa?

Ƙwayar cutar na fita ne a cikin kashin kaza da majinarta, kuma takan yi makonni da ranta a wuri mai sanyi da inuwa. Takalma da tufafi da kaskon ruwa da kejin 'yan kaji duk suna ɗaukar ta daga gida zuwa gida.

Sai dai babbar hanyar ita ce kasuwa. Da zarar kaji sun fara mutuwa, mutane da dama kan yi hanzarin sayar da ragowar don rage asara, shi kuwa wanda ya saya sai ya kai cutar cikin nasa. Yawan cinikin kaji gabanin Sallah da Kirsimeti na ƙara wannan haɗari.

Agwagi ma kan ɗauki cutar ba tare da sun nuna wata alama ba.

Shin kowace murar kaji ce Newcastle?

A'a. Akwai cututtukan numfashi da ƙwayoyin bakteriya ke haddasawa, kamar ta maikofilasma mai sa tari da hawaye na tsawon lokaci, da kuma koraiza mai kumbura fuska tare da majina mai wari. Waɗannan ba su cika kisa da yawa ba, kuma magani kan rage su, amma kazar da ta warke kan ci gaba da ɗauke da ƙwayar cutar tana baza wa wasu.

Wadda ta fi tayar da hankali ita ce murar tsuntsaye, domin alamunta sun yi kama da na Newcastle matuƙa, kuma tana iya kama mutane.

A watan Fabrairun 2006 ne aka tabbatar da nau'in H5N1 a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna, karon farko a nahiyar Afirka, kuma a cikin watan ne aka same shi a Magaria da ke Nijar. A farkon 2007 an tabbatar cewa cutar ta kashe wata mata a Legas, sannan ta sake ɓulla a Kano da Legas a 2015.

Gwajin ɗakin bincike kaɗai ke iya bambanta cututtukan biyu. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato ce ke kan gaba wajen wannan aiki a Najeriya.

Me ya kamata a yi idan kaji sun kamu?

Da farko a ware marasa lafiya nesa da sauran, kowane rukuni da kaskon ruwansa da na abincinsa. A fara kula da masu lafiya kafin a je wurin marasa lafiya, kana a wanke hannu da sabulu, a sauya takalma.

A killace kajin a daina sakin su, kada a sayar, kada a ba da kyauta, kada kuma a shigo da sababbi.

Idan kaji da dama suka mutu farat ɗaya, a sanar da ofishin malaman dabbobi mafi kusa. Kada a yanka su don ci, kuma a hana yara taɓa su. Waɗanda suka mutu a ƙone su ko a binne su a rami mai zurfi yadda karnuka ba za su tono ba. Jefar da su a bola ko kwata na yaɗa cutar.

Bayan annobar ta lafa, a kwashe kashin kajin a ƙone, a wanke akurki da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar shi ya sha rana na 'yan makonni kafin a zuba wasu.

Ko akwai magani?

Babu maganin da ke kashe ƙwayar Newcastle. Kafso da sauran magungunan da ake zubawa a ruwan kaji suna aiki ne a kan bakteriya kawai. Idan likitan dabbobi ya rubuta irin wannan magani, wajibi ne a kiyaye adadin kwanakin da aka ƙayyade kafin a ci naman ko ƙwan.

Yaya batun rigakafi?

Rigakafi ne kariya mafi inganci, kuma kuɗin na kaji masu yawa bai kai farashin kaza guda ba.

Ga kajin gida, an fi amfani da wanda ake kira I-2, wanda masana suka samar a Jami'ar Queensland ta Ostireliya, kuma cibiyar Vom na haɗa shi. Ya fi sauran jure zafi, amma duk da haka ana adana shi a wuri mai sanyi, nesa da rana.

Ana ɗiga ɗigo ɗaya ne a idon kowace kaza, har da 'yan tsaki, kuma a maimaita duk bayan wata uku zuwa huɗu. Kariyar kan kankama ne bayan mako ɗaya zuwa biyu, don haka ya kamata a yi shi tun kafin shigowar hunturu. Ba a yi wa kazar da ta riga ta kamu.

Duk kazar da aka sayo ko aka samu kyauta, a ware ta na tsawon mako uku kafin a haɗa ta da sauran. Haka kuma, tun da kajin unguwa tare suke kiwo, rigakafin ya fi amfani idan maƙwabta suka haɗa kai suka yi shi a rana ɗaya.