HARSASHI MA YA SAN ASALI: DAGA MUMBAI ZUWA BAKOLORI

Jama'a, tunda maganar 'yan sandan jihohi ta sake tasowa, kowa na ta jefa nasa ra'ayin, bari mu ɗan waiwayi tarihi. Rubutun da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a yi sharhi.

Bari in fara da Indiya, ƙasar da muka fi sani ta fim. Akwai abin da rawa da waƙa ba sa nuna mana. A can ana haihuwar mutum ne da matsayinsa, kuma a can ƙasan tsani akwai waɗanda ake kira Dalit. Su aka bar wa shara, jima, ɗaukar mushe da kwasar bayan gida. A da ko rijiya ɗaya ba a sha da su. Kundin tsarin mulkin 1950 ya haramta wannan ƙyama, kuma wanda ya shugabanci kwamitin rubuta kundin, Dakta Ambedkar, shi kansa Dalit ne. To amma doka daban, zuciya daban.

Ranar 11 ga Yuli 1997, mutanen unguwar Ramabai da ke Mumbai, unguwar Dalit ce, suka wayi gari an rataya wa mutum-mutumin Ambedkar takalma a wuya. A wajensu babu cin mutuncin da ya kai wannan. Suka fito suka tare babban titi. 'Yan sandan kwantar da tarzoma suka iso, suka buɗe wuta da harsashi mai rai, mutum 10 suka mutu. Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya ce harbin ba shi da hujja. Duk da haka sai a 2009, bayan shekara 12, kotu ta yanke wa jami'in da ya ba da umarnin, Manohar Kadam, ɗaurin rai da rai. Ba a jima ba babbar kotu ta ba shi beli.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu, ai mu Musulmi ne, sahu ɗaya muke tsayawa. Gaskiya ne, kuma ba zan ce halinmu ɗaya da Indiya ba. Ba mu taɓa cewa taɓa jikin wani najasa ba ne. Amma tsakani da Allah, in ɗan mahauci ko ɗan wanzami ko jikan bawa ya zo neman aure a wasu gidajen, me ake cewa? "A binciki asali." Kuma har zuwa shekarun 1960 ƙasar nan kashi biyu take a fili: masu sarauta da talakawa.

A zamanin En'e, Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne a ƙarƙashin masarautar Kano. Hakimi da dagaci su ke karɓar haraji da jangali. Ɗan doka na En'e ne, alƙali na En'e ne, gidan yari ma na En'e ne. Ka duba fa: wanda ka zo ƙara a kansa shi ke biyan albashin wanda zai kama ka, da wanda zai yi maka shari'a, da wanda zai kulle ka. Ina talaka zai kai kuka?

Wannan ne ya haifi NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, jam'iyyar da Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Ku tambayi duk dattijon da ya yi NEPU a ƙauye abin da ya gani. Izinin lacca a hannun En'e yake, in an hana ka kuma ka yi, ɗauri ne. Kalma ɗaya a kan hakimi sai ta zama "zagin sarki". A 1953 aka ga ɓullar 'yan daban da ake kira Mahaukata a Kano, aikinsu dukan 'yan NEPU, kuma sau da yawa wanda aka daka shi ke kwana a kurkuku. Hajiya Gambo Sawaba, mace, ta sha ɗauri da duka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Laifin waɗannan mutane ɗaya ne: talaka ya ɗaga kai ya yi magana a inda aka saba ya ce "ranka ya daɗe" ya yi shiru.

Bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka karɓe 'yan doka, kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. 'Yan sanda suka zama na tarayya. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, wadda mu ma muna cikinta a lokacin. Mutane suka ɗauka an rufe wancan babin. Wata shida kacal bayan hawan farar hula mulki, sai ga Bakolori.

Bakolori dam ne da aka gina a kan kogin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, a Zamfara ta yau. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya yi aikin, daga 1974 zuwa 1978. Ruwa ya cinye garuruwa da fadamu, aka tashi mutum kusan dubu 13. Wasu kuma aka karɓe gonakinsu don a baje su a yi magudanan ban ruwa, damina ta zo ta wuce ba su yi shuka ba. Diyya kuwa, wani an ba shi abin da bai taka kara ya karya ba, wani sai alkawari. Manoma suka kai kuka har suka gaji, sai suka fara tare hanyoyin da ke shiga wurin aikin.

A ƙarshen Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma. Ranar 28 ga wata suka afka wa manoman da ƙauyukansu, aka yi harbi, aka ƙona gidaje. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Lissafin da ya fito ta hannun su Dakta Yusufu Bala Usman ya haura 380. Ku tsaya ku dubi tazarar da ke tsakanin lissafin nan biyu. Mutum ɗari uku da wani abu ne ake gardamar ko sun taɓa rayuwa. Da 'ya'yan manya ne, wa zai yi kuskuren ƙirga gawarsu?

Abin lura shi ne, waɗanda suka yi harbi a Bakolori ba 'yan dokan sarki ba ne. 'Yan sandan tarayya ne, a ƙarƙashin zaɓaɓɓiyar gwamnati. An canza kaki, an canza mai biyan albashi, amma wanda ake harbi bai canza ba. Kuma yawancin masu riƙe da bindigar su ma 'ya'yan talakawa ne. Hannun da ya danna kunamar bindiga ba shi ya fara yanke hukunci ba. Tun a ofis aka riga aka auna cewa jinin waɗannan mutanen ba zai jawo wa kowa tambaya ba.

Kada a ce tsohon labari ne. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24, kuma Jigawa na cikin jihohin da ta lissafa. Rundunar 'yan sanda ta musanta. A Nuwamban 2024 duk mun ga yaran da aka gurfanar a kotu a Abuja suna faɗuwa don galabaita. 'Ya'yan su waye? Kun san amsa.

Don haka ni ba na cikin masu cewa 'yan sandan jiha alheri ne zalla ko sharri ne zalla. Mun gwada na gida, mun sha wuya. Mun gwada na tarayya, mun ga Bakolori. Tambayoyin da ya kamata mu yi wa 'yan majalisarmu na Birnin Kudu da Gwaram, na Dutse da na Abuja, su ne: in ɗan sanda ya harbi manomi, wa zai bincika, kuma a ƙarƙashin wa mai binciken yake? Za a wajabta bayyana sunan duk wanda ya mutu a hannun hukuma? Wa zai hana gwamna ya mayar da su 'yan dokansa ranar zaɓe?

Mu ma da namu gyaran. Mutumin da ke raina maƙwabcinsa don kakansa maƙeri ne ko bawa, shi ke koya wa hukuma cewa akwai jinin da ba shi da tsada.

Wanda ke da dattijo a gida da ya ga zamanin 'yan doka, don Allah ya zauna da shi ya ɗauki labarin a waya tun yana raye, ya kawo mana a nan. Allah Ya jiƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci, Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa.